Wuyan Balbelar Derani

Kampung Beting Ru,
9 ga Janairu, 1987.

Zuwa ga matata Mek Nab,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina nan lafiya. Ya gajiyar hanya, ya zaman Ipoh? Ya mai jego Hasmah, ya kuma jaririn da kika ce ya ɗauko kunnuwana? Allah ya raya shi, ya ba shi haƙurin ɗaukar su, don ni shekara sittin da ɗaya ke nan ina fama. Ki gaishe mini da surukinmu, ki ce masa ya rage ihun murna kada ya firgita mini jika.

Mu nan lafiya lau, sai kewa. Gidan ya yi mini girma. Na ƙona shinkafa sau biyu, kyanwarki kuma ta koma cin abinci a maƙwabta, wai ita ma ta raina girkina. Kin ce sai jego ya cika kwana arba'in da huɗu za ki dawo. To, ina nan ina cire wa kalanda ganye kamar ɗan makaranta mai jiran hutu.

Yawon safe dai ban fasa ba. Daminar bana teku ta yi fushi sosai, duk jiragen masunta suna kan tudu, ita kuwa sai amayo kaya take yi. Jiya na tsinci takalman roba guda bakwai, dukkansu na ƙafar hagu, ki gaya mini ina na daman suke zuwa. Na samu kwalba mai rubutun Siyam, da kwakwa wadda ta fara tsiro a cikin ruwa, da wani gungumen ice da gishiri ya cinye har ya yi fari tas, mai kama da gwiwar tsohon Liman. Na jawo shi zuwa rumfata, bayana yana ta tsine mini.

Ƙananan ƙaguwar nan da kike cewa na fi kula su a kanki sun dawo. Da ruwa ya ja baya sai su fito su yi ta dunƙula rairayi, su jera shi layi-layi kewaye da raminsu, aikin da ko mai zanen atamfar batik ba zai iya ba. Na durƙusa na zana shafi uku kafin ruwa ya dawo ya share. A bakin kogi kuma na ga karnukan ruwa biyar, uwa da 'ya'ya. Ƙaramin ya saki kifi, uwar ta bi shi da faɗa har tsallake. Wallahi muryarki na ji.

Ga labari. Malam Tajuddin, wanda muka koyar tare kafin in yi ritaya, ya zo daga Kuala Terengganu ranar Litinin. Yanzu shi ke shirya baje kolin zane na watan Maris. Ya shiga rumfa ya ga balbelar nan da na haɗa da itacen teku, wadda kika ce ta tsare miki hanyar ɗauko tsintsiya. Ya zagaya ta yana dubawa. Can sai ya ce, "Kai Embong, tsohon banza! Shekara talatin kana koya wa yara zana kwano da ayaba, ashe abin da ka ɓoye ke nan?" Ya ce a bakin ƙofa za su ajiye ta, kuma ranar Asabar ta ƙarshen wata zai turo mota a ɗauka. Ya kamata in yi murna. Na yi ɗin, amma ba ta kai mini ciki ba.

Kin tambaye ni Som, matar ƙanenki. Tana nan yadda kika bar ta. Ana idar da asuba za ta fito da tawul ɗin mijinta Derani, wanda ya ɓata a teku, a kafaɗa, ta bi bakin ruwa daga bayan masallaci har bakin kogi, idonta a ƙasa. Dugaduganta duk sun tsage. Kullum muna haɗuwa a gindin itacen ru ɗin nan da ya karkace, ta ce, "Yaya, teku ta ba ka wani abu?" in ce, "Yau kam ba komai, Som, sai gobe."

Liman Sulong ya sake yi mata magana a kan a yi wa Derani sallar gawa ko ba gawa, wata goma sha uku ai ba kwana goma sha uku ba ne. Ta ce masa a'a. Ta ce tun kaka da kakanni in jirgi ya fashe sai teku ta tofo wani abu nasa, wanda ya tsinta kuma ya naɗe a farin ƙyalle ya kai gidan mai shi kafin ya taka nasa gidan. Tun da har yau ba wanda ya kawo mata ko cokali, mijinta yana raye, wataƙila iska ta kai shi wata ƙasa aka tsare shi. Liman ya ce in babu alama sai ta jira shekara huɗu. Ta ce ko goma ne.

Akwai wata magana da nake so in yi miki, amma takarda ta ƙare. Ki riƙa shan maganin ƙafarki.

Naki har kullum,
Embong

Kampung Beting Ru,
21 ga Janairu, 1987.

Nab,

Assalamu alaikum. Ina fatan ke da Hasmah da jariri kuna lafiya. Wasiƙarki ta iso, da hoton. Kunnuwan nawa ne, ba musu.

Kafin ki ci gaba, ki miƙa wa Hasmah yaron, ki samu wuri ki zauna. Ƙarya na yi miki a waccan wasiƙar. Takarda ba ta ƙare ba, akwai rabin littafi a gabana. Ƙarfin halina ne ya ƙare.

Kin tuna balbelar katako da na sassaƙa wa Derani lokacin aurensa, ta gaban jirgi, wadda ake jingina sandar filafilai a wuyanta? Kin tuna wuƙa ta zame mini ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ya yi ta tsokanata wai na ba shi tsuntsu mai harara-garke, kifi na ganin sa zai gudu? Shekara goma sha tara tana gaban jirginsa. Duk Juma'a Som ke wanke ta da ruwan lemun tsami, ta rataya mata furen melur a ɗan tsagin da ke ƙarƙashin baki.

Nab, na tsince ta. Ba jiya ba, ba shekaranjiya ba. Kwana goma sha ɗaya bayan ɓatan Derani.

A bayan duwatsun bakin kogi take, ciyawar teku ta nannaɗe ta. Na je ne ina bin sawun wata guza da nake son zanawa. Wuya ne da kai kawai, ta karye daga gindi, irin karyewar da ba ta barin jirgi a kan ruwa. Idon nan babba yana kallona. Na zauna a kan rairayi. Na san abin da ya kamata in yi, har na cire farar rigata zan naɗe ta.

Sai na tuna Inna, mahaifiyarku ke da Derani. A makon ne aka sallamo ta daga asibiti, likita ya ce kada a tayar mata da hankali. Na ce a raina bari ta ɗan ji ƙarfi, kwana biyu ko uku. Na tura katakon cikin buhu tare da sauran tarkace, na wuce ta gindin itacen ru. Ranar ce Som ta fara yi mini tambayar nan, ranar ce kuma na fara ba ta amsar nan. Daga nan na shiga gidanmu da buhun a kafaɗa, kika zuba mini shayi na sha.

Kwana uku suka zama mako. Da mako ya cika sai na ga in na kai yanzu za a ce ina ka ajiye ta duk kwanakin nan? Da wata ya cika tambayar ta ƙara nauyi. Kin san ni, ko ɗan makaranta ne ya faɗi jarrabawa sai in aika wani ya gaya masa. Kullum in ce gobe.

Kin san sauran, amma ba ki san ta wannan fuskar ba. Ranar da Inna za ta cika, kwana uku kafin azumi, kin fita ɗebo ruwan zafi, ta kama hannuna ta ce, "Embong, kai ne mai yawon bakin teku, idonka ya fi na kowa. Ba ka ga komai na yarona ba?" Na ce mata ban gani ba. Ta ce, "Alhamdu lillahi, to a bar masa ɗakinsa a share." Mahaifiyarki ta tafi ba ta yi wa ɗanta addu'ar mamaci ko sau ɗaya ba, kuma ni na hana ta.

Da a nan abin ya tsaya, da sai in ce tausayi ne ya rikiɗe ya zama tsoro. Amma akwai wanda ya fi wannan muni, kuma shi ne na fi jin kunyar rubutawa.

A watan Agusta wata balbela ta riƙa sauka a kan turken tsohuwar gadar kogi. Ita kaɗai, ƙafa ɗaya a naɗe, ta fuskanci teku, ba ta kamun kifi ba ta komai. Mako biyu ina zuwa ina zana ta. Na haɗa jikinta da saiwar ice, fukafukai da ɓallin tsohon kwale-kwale, ƙafa da ƙarfen da ya yi tsatsa. Sai wuya ya gagare ni. Na sassaƙa uku, duk suka fito kamar mariƙin buta. Rannan da la'asar na jawo buhun daga bayan tulin katako, wai in duba yadda na lanƙwasa wancan tun hannuna yana da ƙuruciya. Na ɗora shi a kan jikin don in gwada kawai. Ya zauna daram.

Na kankare fentin, Nab. Ja da kore da ruwan ɗorawa, duk na bi da samfefa har katako ya yi fari. Na goge idon nan babba. Ina yi ina kuka, amma hannuna bai tsaya ba. Babu Inna a lokacin da zan fake da ita. Abin ya yi kyau ne kawai, ban taɓa yin abu mai kyau kamarsa ba, na kasa haƙura. Wata biyar kina raɓa shi kina ɗauko tsintsiya, ba ki san kafaɗarki tana gogar jirgin ƙanenki ba.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, shekaranjiya Som ta kawo mini abinci, shinkafar kwakwa da miyar kifi, ta ce ta ji labarin tukwanen da nake ƙonawa. Ba ta same ni a gida ba sai ta biyo ni rumfa. Ba ta taɓa shiga ba. Ta ajiye kwanon, ta zagaya tsuntsun, ta ce, "Ashe wannan ce mai zuwa birni ta bar mu?" Ta ɗora hannu a wuyan tana shafawa daga ƙasa zuwa sama. Da ta kai ƙarƙashin baki sai yatsanta ya faɗa cikin tsagin furen. Shi kaɗai na manta ban cike ba. Yatsan ya daɗe a wurin. Sannan ta ce, "Ta yi kyau, Yaya. Ka ci tun da zafi." Ta fita.

Jiya da yau mun haɗu a gindin itacen ru. Ta gaishe ni, ta tambayi lafiyarki, ta wuce. Ba ta tambaye ni ko teku ta ba ni wani abu ba.

Ban san ko ta gane ba. Ban san abin da zan yi ba, ko in ce na sani, ina tsoro. Ki zage ni in kin ga dama, ki ce kada in sake kiran sunan Inna, duk na cancanta. Amma don Allah ki rubuto.

Mijinki mai laifi,
Embong

Kampung Beting Ru,
1 ga Fabrairu, 1987.

Nab,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da yaran. Kullum sai na tare mai kawo wasiƙu a bakin titi, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Ban ga laifinki ba.

Na zauna ina jiran ki gaya mini abin da zan yi, sai na gane wannan ma wata goben ce na samu na laɓe a bayanta. Motar Tajuddin kuma Asabar za ta zo. Ranar Juma'a da na dawo daga asuba ban je bakin teku ba. Na ɗauki zarto na shiga rumfa. Ƙusa huɗu ne da danƙo, aikin da bai kai shan shayi ba. Na buɗe akwatinki na ɗauki farin yadin nan da kika ajiye, ki yafe mini, na yanki kamu biyu na naɗe wuyan.

Ban bi ta bayan gari ba ko da yake ƙafata ta so. Na bi ta gaban shagon kofi, ƙunshin a hannuwana biyu. Mutanen suna zaune suna ta gardamar iska. Pak Leh ya hango ni ya ɗaga murya, "Malam, yau kuma wane takalmin hagu aka yi wa likkafani?" Aka fashe da dariya. Sai suka lura da yadda na riƙe shi, da inda na nufa. Dariyar ta mutu. Na ji ana ture kujeru, suka biyo ni a baya.

Som tana kan matakalar gidanta, ba ta fita yawon ba ita ma. Ta yi wanka ta sa fararen kaya. A gefenta akwai kwano da ruwan lemun tsami da zaren furen melur. Nab, jirana take yi.

Na durƙusa a ƙasa na miƙa mata. Na faɗi ranar, na faɗi wurin, na faɗi abin da na yi da shi, a gaban kowa, don kada gobe in rage wani abu. Ta warware ƙyallen. Ta juya katakon tana neman idon. Ta ce, "Har idon ka goge?" Na ce e. Ta ce, "Shi kuwa ya fi son idon nan a kan komai na jirgin."

Ba ta yi ihu ba, na so a ce ta yi. Ta ce, "Tun ranar da na taɓa na sani. Shekara goma sha tara yatsana yana shiga wurin nan. Na yi shiru ne in ga ko za ka kawo mini da ƙafarka, ko kuwa sai na hau mota na je birni na bi layi kafin in ga abin da ya rage na mijina." Can kuma ta ce, "Kullum sai ka ce mini sai gobe, Yaya. Ashe goben tana rumfarka."

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ba yau ba." Ta wanke wuyan da ruwan lemun, ta rataya masa furen, ta rungume shi ta shiga ciki. Sai a lokacin muka ji kukanta. Wata goma sha huɗu ba wanda ya ji shi a garin nan.

Bayan sallar Juma'a Liman Sulong ya ja mu aka yi wa Derani sallah. Masallaci ya cika har waje. Na tsaya a sahun ƙarshe, kuma akwai tazarar mutum guda a damana da haguna da ba wanda ya cike. Liman ya ce gobe Litinin zai raka Som wurin alƙali da katakon, ni ma zan je in ba da shaida, don a tabbatar mata ta fara takaba.

Jiya motar ta zo, Tajuddin da kansa a gaba. Ya ga tsuntsu ba wuya ya dafe kai. Da na ba shi labari sai ya ce in sassaƙa wani wuyan, akwai sauran wata guda. Na ce masa na gwada sau uku. Ya tafi da motarsa ba kaya.

Ki gaida Hasmah. In kin ga ya dace ki gaya mata, ki gaya mata duka, kada ki gyara ni.

Embong

Kampung Beting Ru,
8 ga Fabrairu, 1987.

Matata Mek Nab,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mai jego da jikana. Allah ya sa kun tashi lafiya.

Alƙali ya karɓi shaida. Som ta shiga takaba ranar Litinin, wata huɗu da kwana goma, abin da da tuni ta gama ta huta tun bara. 'Yarta ta zo daga Dungun tana zaune da ita, an ce tana shafa mata mai a dugadugai. An kuma ce ta ci abinci har ta nemi ƙari. Na mayar mata da kwanonta ta hannun maƙwabciya. Ya dawo mini washegari, babu komai a ciki, a wanke. Ban san me hakan ke nufi ba, kuma ba ni da bakin tambaya.

Na je kabarin Inna na gaya mata. Na share ciyawa, na zuba ruwa, na ce mata Derani ya riga ta, ta neme shi a can.

Yau na koma bakin teku karon farko. Iska ta fara kwantawa, masunta suna ta gyaran taru. Ƙaguwar suna aikinsu, karnukan ruwan sun koma huɗu, balbelar nan ba ta kan turke. Ban ɗauki littafin zane ba, ban ɗauki buhu ba. Da na iso gindin itacen ru sai na tsaya, don ƙafata ta saba. Babu kowa, babu ko sawu a kan rairayi. Safiya ɗari huɗu da wani abu ina tsoron wannan wurin saboda mace guda da tambaya guda. Yau babu mai tambayata, sai na ji bakina yana cewa, "E, Som, ta ba ni." Na faɗa da ƙarfi, sau biyu. Kalma huɗu ce ko biyar, Nab. Ko minti ɗaya ba ta ci ba.

Ranar Laraba jego zai cika. Ba ki rubuto ba, don haka ban san ko za ki hau mota ba. Zan je tasha tun motar farko, in zauna a bencin nan na kusa da mai sayar da rake har ta ƙarshe ta shigo. In kin sauko kika wuce ni kika nufi gidan Som, daidai ne, can ya kamata ki fara zuwa, zan biyo ki da akwati daga nesa. In ba ki zo ba zan koma ranar Alhamis.

Na gyara rumfa, hanyar tsintsiyarki a buɗe take.

Mijinki, in har kin yarda,
Embong bin Jusoh